Baba na shan maganin tsinka jini, anfirme ta isa ta riƙa duba shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Babanmu ya samu gudan jini a ƙafa, lokotoro a Yamai ya rubuta mishi Sintrom, maganin tsinka jini, ya ce mu koma gida wata anfirme za ta riƙa bin shi. Ni dai hankalina bai kwanta ba, ko mu riƙa kai shi Yamai duk wata? Kuma da gaske ne sai ya bar cin zogale? Daga ɗiyarshi, Tahoua.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ki kwantar da hankalinki, aikin nan bibiya yake so, kuma anfirmen da ta san shi ta san karnenshi ta fi mishi amfani da wahalar mota duk wata. Ita za ta tura shi labo a auna INR, awon da ke nuna yadda jinin ya tsinke, galibi ana son shi tsakanin 2 da 3, in ya yi ƙasa gudan jinin na iya dawowa, in ya haura jini na iya ɓallewa. Da farko ana awon akai-akai, in ya daidaita aƙalla sau 1 a wata, kuma in lissafin ya rikice ita da kanta za ta kira lokotoro.

Amma fa sai kun faɗa mata komi. Abin da ya fi tada min hankali shi ne ƙwayoyin masu talla, tsoho ya ji ciwon gwiwa ya aika jika ya sayo mishi diclofenac ko aspirin ko ibuprofen, bai san in sun haɗu da Sintrom suna iya sa jini ya zuba a ciki ba. Flagyl da Bactrim ma suna haura INR. Jiƙo da sassaƙe duk a faɗa mata, ƙaho wajen wanzami kuwa a bar shi.

Zogale kar a hana mishi don Allah. Ganye na da bitamin K mai rage ƙarfin maganin, abin gudu shi ne ya share sati bai ci ba sannan ya cinye kwano guda. Ya ci yadda ya saba.

Ya sha maganin lokaci ɗaya kullum, in ya manta kar ya haɗa biyu washegari, a rubuta a karne. In kuka ga kashi baƙi ƙirin, jini a fitsari, haɓon da ya wuce minti 10, ko ya faɗi ya bugi kai, kar ku jira ranar awo, ku kai shi asibiti a take ko da tsakar dare ne.