Rawayar da ke fita a hoton filatinam

Ka ce bayan hotonka na filatinam (hoton da ake bugawa a takarda da ƙarfen filatinam) ya bushe, sai fararen wurare su koma rawaya-rawaya. Ragowar ƙarfen ferik okzalet, sinadarin da ake shafa wa takardar don ta ɗauki haske, ne bai gama fita daga takardar ba. Da ka ciro hoton daga ruwan fotasiyam okzalet, wato ruwan da ke fito da hoton, wuce da shi kwanon wanki uku, minti 5 kowanne, kana girgizawa: na farko sitirik asid kashi 3 cikin 100, sauran biyun EDTA, sinadarin da ke kama ƙarfe ya fitar da shi. Na ukun lallai ya zama sabo.

Sai dai kada ka ɗauraye shi da ruwan famfo kafin wankin farko. In ruwan yana da alli, ƙarfen kan kama zaren takardar, daga nan kuwa fitar da shi sai an sha wuya. Takarda mai alli ma haka take yi.