Tsohon Gida a Cikin Gari ko Fuloti a Bayan Gari?

Tambaya: Malam, shekara 27 ke nan ina aikin gwamnati a Abuja, kuma baɗi zan yi ritaya in koma Daura. Kuɗin da na tara za su isa abu ɗaya cikin biyu: ko in sayi wani tsohon gida a cikin gari, kusa da fada da kasuwa, in gyara shi, ko in gina sabo a kan fuloti a bayan gari. 'Ya'yana sun fi son bayan gari saboda fili da wurin ajiye mota, ni kuwa zuciyata tana cikin gari. Shin begen ƙuruciya ne yake ruɗa ni? Daga wani mai karatu, Kubwa, Abuja.

Amsa: Alhaji, Allah ya kai mu lokacin lafiya. A ganina abin da zuciyarka take gaya maka yana da hujja, kuma kai da ka shafe shekaru kana sammako daga Kubwa don gudun cunkoson motoci ka fi kowa sanin ta. Mutum mai lafiya yana cin kilomita ɗaya a ƙafa cikin minti 12 zuwa 15, kuma a tsakiyar gari irin Daura wannan tazarar ta haɗa masallacin Juma'a, da kasuwa, da kemis, da tela, da mai aski, da gidajen dangi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a shekarar 2024, don haka duk cefanen da aka yi ba tare da an tayar da mota ba, kuɗi ne ya zauna a aljihun ɗan fansho. Ga kuma lafiya: Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma wanda yake takawa zuwa masallaci sau biyar a rana yana leƙa kasuwa yakan cika wannan adadin bai ma sani ba.

Amma abin da na fi ba muhimmanci shi ne mutane. Ma'aikacin da ya ajiye aiki yakan wayi gari ya ga wayarsa ta daina ƙara, waɗanda suke gaishe shi a ofis sun kama gabansu. A cikin gari wannan kaɗaici ba ya samun wurin zama. Za ka fito bayan la'asar ka tarar an shimfiɗa tabarma a gindin dakali, wani ya matsa maka, a zuba maka shayi, kafin magariba ka ji wanda ya rasu, da wanda za a ɗaura wa aure, da yadda aka sayar da mudun gero. In kwana biyu ba a gan ka a sahu ba, sai an yi sallama a zaurenka. A sabuwar unguwa kuwa, inda kowa ya ja doguwar katanga ya kafa ƙofar ƙarfe, kana iya kwanciya jinya mako guda maƙwabcinka bai ji ba, kuma ranar da idanu suka hana ka tuƙi, sai ka zama mai jiran yaro ya dawo ya kai ka ko'ina.

Abin mamaki, wannan tsari da muka gada shi ne Turawa suke kashe kuɗi su dawo da shi. Garin Pontevedra na ƙasar Sifen, mai mutane kusan 80,000, ya fara hana motoci shiga tsakiyarsa a 1999, kuma a Faris an yi ta maganar birnin minti 15, wato mutum ya samu bukatunsa a tazarar tafiyar rubu'in awa. Magabatanmu da suka jera fada da masallaci da kasuwa da rijiyar Kusugu kusa da juna sun riga su.

To, sai dai 'ya'yanka ma suna da tasu gaskiyar, kuma kada ka biya ko sisi sai ka bincika ta. Yawancin tsofaffin gidajen cikin gari gidajen gado ne, kuma babbar matsalarsu ita ce magajin da bai sa hannu ba, wanda zai bayyana bayan ka gama gyara. Kada ka tsaya ga maganar dillali. Ka nemi shaidar rabon gado daga kotu, ka ga magada da idonka har da mata, ka sa mai unguwa cikin shaidu, kuma a rubuta komai. Sannan ka je ka ga gidan a watan Agusta, ana tsakiyar ruwa, domin a lokacin ne za ka san inda kwata take bi, da ko ruwan lungu yana shiga zaure, da ko gindin katangar ya jiƙe. Ginin ƙasa yana da sanyi a zafin Afrilu fiye da na bulo mai rufin kwano, amma yana son yaɓe da kulawa duk shekara. Ka tambayi maƙwabta ko famfo yana kawo ruwa ko da 'yan garuwa ake rayuwa, ka kuma auna lungun ka ga ko mota za ta iya isowa ƙofar gida in rashin lafiya ya taso da dare. Wannan na ƙarshe ya fi wurin ajiye motar da yara suke magana a kai muhimmanci. Hayaniya ma tana nan, musamman lokacin hawan sallah da Sallar Gani, ko da yake na san wasu don ita suke komawa.

Shawarata ita ce ka nemi gida a bakin tsohon gari, wanda yake kan hanyar da mota take shiga amma bai wuce tafiyar minti 10 zuwa masallaci da kasuwa ba. Kafin ciniki ya faɗa, ka ɗauki hutun mako biyu ka sauka a unguwar tare da Hajiya, ku ajiye mota ku yi komai a ƙafa, domin ita ce za ta fi ka daɗewa a cikin gidan kowace rana, kuma ban ga ra'ayinta a wasiƙarka ba.