Tambayoyi da Amsoshi: Cire kwantak a sa na'urar lantarki a tsohuwar mota

Wannan makon mun ɗan jingine waya da kwamfuta, domin wasiƙu sun taru daga masu tsofaffin motoci da ke son raba su da kwantak, wato makunnin da ke cikin distiributa mai buɗewa da rufe wutar da ke zuwa filogi. Ai duk harkar wuta ce, bismillah.

Tambaya: Malam, motata tsohuwa ce mai silinda huɗu. Na cire kwantak da kwandansa (condenser) na sa na'urar lantarki a cikin distiributa, na kuma sayi sabon kwayil da aka ce ya fi ba da wuta. Mako biyu na'urar ta mutu. Na sa wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Jabu ake sayar min ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka ɗora wa mai kaya laifi, ka auna kwayil ɗin kuwa? Na san ba ka auna ba, domin da ka auna, da ta farkon tana nan da ranta. Wannan abu yana ƙona min rai. Mutum zai kashe kuɗinsa a kan na'ura, amma minti biyu na sa mita ya gagare shi.

Kwantak makunni ne kawai. Idan bakinsa ya haɗu, wuta ta bi ta cikin kwayil ta tara ƙarfin maganaɗisu. Idan tozon sandar distiributa ya ture shi ya buɗe, ƙarfin nan ya rushe farat ɗaya, sai bolt 12 na batir ya koma dubbai, ya fita ta bakin filogi. Dabarar Charles Kettering ce da kamfaninsa Delco, ta fara a motocin Cadillac wajen 1910, ta kuma yi shekara sittin da ɗoriya tana aiki a motocin duniya. Na'urar da ka saya wannan aikin buɗewa da rufewar kaɗai ta karɓa. Zobe mai maganaɗisu yana juyawa a kan sandar, wani ɗan ido yana jin wucewarsa, sai taransista ta yanke wutar. Duk wutar da kwayil ya ja, ta cikin wannan 'yar taransistar take bi.

To, yi lissafi da kanka. Kwayil mai om 3 a kan bolt 12 yana jan amfa 4. Kwayil mai om 0.6, irin wanda nake zargin an liƙa maka da sunan "mai ƙarfi", yana neman amfa 20. Irin waɗannan an yi su ne don tsarin da ke taƙaita wutar da kansa, kamar HEI da General Motors ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1970. Ƙaramar na'urar da ke zama a gurbin kwantak yawanci ba ta da wannan kariyar. Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi, ya durƙushe, ka sake kawo wani jakin ka ɗora masa kayan nan dai.

Cire wayoyin da ke kan ƙananan kusoshi biyu na kwayil. Sa mita a ma'aunin om mafi ƙanƙanta. Fara haɗa bakunan mitar da juna, ka ga abin da ta nuna, wataƙila 0.2 ko 0.3, ka riƙe shi don ka cire daga sakamakon. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, domin a irin wannan ƙaramin awo 0.3 ba abin rainawa ba ne. Sannan ka ɗora su a kan kusoshin. Ga mai silinda huɗu ko shida, galibin masu ƙera na'urorin nan om 3 suke nema. Idan ka ga wajen 1.5, wannan kwayil an yi shi ne ya yi aiki tare da rezisto mai rage wuta. Wani lokaci za ka gan shi, farin dunƙulen tangaran a kusa da kwayil. Wani lokaci kuma waya ce ta musamman da aka ɓoye cikin damin wayoyin motar, ido ba zai nuna maka ba sai mita. Idan akwai shi, ka bar wa kwayil abinsa, amma jar wayar na'urar ka ɗauko mata cikakken bolt 12 daga makulli kafin wutar ta shiga rezisto. Kuma don Allah ka karanta takardar da ta zo cikin kwalin. Adadin om ɗin da suke so yana rubuce a ciki ɓaro-ɓaro.

Mita mai auna om da bolt ba kayan ƙawa ba ce. Duk mai tsohuwar mota ya kamata ya mallaki ɗaya, ya kuma iya aiki da ita.

Tambaya: Nakan murɗa makulli in bar shi ina sauraron rediyo, inji a kashe. An ce yana da illa.

Amsa: Gaskiya aka faɗa miki, Hajiya. Idan injin ya tsaya a daidai inda na'urar ke a rufe, wuta za ta yi ta kwarara cikin kwayil ba hutu har ɗayansu ya ƙone. Mayar da makullin matakin rediyo kaɗai.

Tambaya: Na sa na'urar, kwayil daidai yake, amma har yanzu motar tana rawa a silo, idan na taka totur kuma sai ta yi nauyi.

Amsa: Ka sake saita tayimin bayan ka sa? Dole ne, domin da wuya na'urar ta yanke wuta a daidai inda tsohon kwantak ke yankewa. Da fitilar tayimin ake yi, kunne yana yaudara. Idan ka yi hakan, cire murfin distiributa ka kama sandar da yatsu biyu ka girgiza ta gefe da gefe. Idan tana lilo, bushin ya cinye. Murɗa rota, wato hular da ke kan sandar, kaɗan ka saki: ya kamata ta dawo da kanta. Idan ta tsaya cak, ƙarafunan da ke ƙara tayimin a ƙasan faranti sun yi tsatsa, ko sifirin ɗinsu ya saki. Tsotsi tiyon da ke zuwa daga kafireto ka ga ko farantin zai motsa. Na'urar lantarki ba ta gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Tambaya: Zai ƙara wa motata ƙarfi ya rage shan mai?

Amsa: Idan kwantak ɗinka sabo ne kuma a saice, bambancin kaɗan ne. Ribar ita ce saiti ba ya gocewa. Dugadugin kwantak yana goguwa da tozon sanda, yana cinyewa a hankali, gibin bakinsa ya ragu, tayimin ya yi ta ja baya ba ka sani ba. Na'urar ba ta taɓa komai, don haka inda ka bar ta nan za ka same ta, kuma tashin safe yakan yi sauƙi.

Tambaya: Tawa 'yar Ingila ce ta farkon shekarun 1960. Kowace na'ura za ta shiga?

Amsa: A'a. Dubi batir tukuna. Da yawa daga motocin Ingila na wancan lokacin kan fozitib ne ke haɗe da jikin mota. Akwai na'urar da aka yi musamman dominsu. Ka sa ta gama-gari, nan take za ta ƙone.

Tambaya: In yar da tsohon kwantak ɗin?

Amsa: Kada ka kuskura, ƙanena. Kwantak yakan yi gargaɗi kafin ya mutu, kuma a bakin hanya ana iya goge bakinsa a lallaɓa a isa gida. Na'ura kuwa idan ta tafi, ta tafi ke nan. Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton cikin distiributa da wayarka, yadda za ka ga inda kowace waya da kowane wasa (ɗan zoben ƙarƙashin sukuru) suke. Sannan ka haɗa kwantak, kwandansa, sukurorinsu, sukudireba da ma'aunin gibi a 'yar jaka ɗaya, ka rubuta gibin motarka a takarda ka jefa ciki (na Volkswagen Beetle milimita 0.4 ne), ka ajiye a cikin motar.