Me ya sa Google ke sauya mini taken shafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shagon dabino da turare a Shara Mansur, Makka, kuma na buɗe shafin intanet da WordPress, manhajar gina shafuka, saboda alhazan Najeriya da Nijar. In na nemi kayana a Google sai in tarar ya sa wani take daban da wanda na rubuta, bayanin da ke ƙarƙashi kuma a guntule. Yaya zan gyara? Daga wani ɗan kasuwa a Makka.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Google bai ɗauki alkawarin nuna taken da ka rubuta ba. Tun a watan Agustan 2021 ya sauya tsarinsa, in bai gamsu da naka ba sai ya ɗauko wani daga babban kanun shafin. Abin da ya fi jawo haka uku ne: take ya yi tsawo, ko dukkan shafuka suna ɗauke da take iri ɗaya, ko an cusa kalma guda sau da yawa, irin "dabino, dabino mai kyau, dabino mai araha".

Gurbin take a kwamfuta bai wuce faɗin fiksel (ɗigon allo) 600 ba, wato kimanin haruffa 50 zuwa 60. Don haka fara da abin da mai saye zai rubuta, sunan shago ya zo a ƙarshe: "Dabinon Ajwa na Madina, kilo 1", sai sunanka. Shafin ajwa da takensa, na dabinon sukkari da nasa, na turaren wuta da nasa. A ganinmu nan ne yawancin 'yan kasuwarmu ke yin asara, domin su kan bar sunan shago shi kaɗai a kowane shafi, alhali alhajin da ya sauka daga Kano bai san sunan ba, dabino yake nema.

Kada kuma ka haɗa Hausa da Larabci a take ɗaya. Larabci daga dama yake farawa, boko daga hagu, layin kan fito a hargitse. In kana son Larabawa ma su same ka, yi musu shafi daban da takensa.

Shi kuwa taƙaitaccen bayanin da ke ƙarƙashin take, Google ya faɗa tun 2009 cewa ba ya ɗaga shafi sama a sakamakon bincike. Amfaninsa shi ne jawo mutum ya danna. Tsaya a haruffa 150 zuwa 160, ka sa muhimmin abu a 120 na farko, saboda waya ta fi saurin datsewa kuma alhazai da waya suke nema. Misali: "Ajwa ta Madina a kwali, kilo 1 ko rabi. Muna kaiwa masaukin alhazai a Makka. Yi oda ta WhatsApp." Kada ka rubuta abin da babu a shafin, kuma kada ka sa farashi in ba za ka riƙa sabunta shi ba.

Wajen gyarawa, ɗora Yoast SEO ko Rank Math, ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress, guda ɗaya kawai, don biyu kan ninka bayanan. A Yoast za ka ga gurbin SEO title (take) da na Meta description (taƙaitaccen bayani) a ƙasan wurin rubuta kowane shafi. In ka gama, shiga Google Search Console, dandalin Google na masu shafuka, liƙa adireshin shafin a URL Inspection, ka danna Request indexing don Google ya sake duba shafin. Sauyin kan ɗauki kwanaki, wani lokacin makonni. Bayan wata guda duba sashen Performance: shafin da ake yawan gani amma ba a dannawa, shi za ka fara sake wa take.