Tambaya da Amsa: Yaya Za Mu Tsara Koyar da Rubutu Daga Aji 1 Zuwa Aji 6?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce shugabar wata makarantar firamare a Zariya. Yaranmu suna kai wa aji 6 suna kwafar abin da ke kan allo da kyakkyawan hannu, amma idan aka ce su rubuta wasiƙa da kansu sai abin ya gagara, kuma kowane malami yana ɗora laifin a kan ajin baya. Ta ina za mu fara gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9 da hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta Najeriya (NERDC) ta tsara ta kasa firamare gida biyu, aji 1 zuwa 3 da aji 4 zuwa 6, ta kuma zayyana batutuwan kowane aji, sai dai haɗa waɗannan batutuwa su zama tsani guda aiki ne da ya rataya a wuyanki da malamanki.

Shawarata ita ce ku faro daga ƙarshe. Ku zauna gaba ɗaya ku yanke abin da kuke son ɗan aji 6 ya iya, misali wasiƙa da insha'in muhawara mai sakin layi uku ko huɗu ba tare da an rubuta masa a allo ba, sannan ku riƙa komowa baya kuna tambayar abin da kowane aji zai miƙa wa na gabansa. Aji 5 ya miƙa yaron da ya iya insha'in bayani da na siffantawa, aji 4 kuwa wanda ya iya gina sakin layi a kan magana ɗaya.

Azuzuwan farko su ne suka fi buƙatar kulawarki, domin a nan ake yin sakacin da ke bayyana daga baya. A aji 1 yaro ya san baƙi da wasali, ya haɗa gaɓa, ya bambance ɓ, ɗ da ƙ daga b, d da k, don kada ya rubuta "kafa" alhali "ƙafa" yake nufi. A aji 2 ya yi jimla tasa ta kansa mai babban baƙi da aya. A aji 3 a dage da shifta da raba kalmomi, irin bambancin "ta fi" da "tafi", kuma ya fara rubuta gajeren labarin abin da ya gani da idonsa, ko da zuwa kasuwa ne. Abin da yake damuna shi ne yadda ake jinkirta wannan mataki da hujjar wai yaran ba su isa ba, alhali wanda ya iya ba da tatsuniya da baki ya isa ya rubuta jimla uku daga cikinta.

A ƙarshen kowane zango, ki sa kowane malami ya zo da littattafan yara uku, mai ƙoƙari da matsakaici da mai rauni, a baje su a kan teburi ɗaya daga aji 1 zuwa 6. Inda kuka ga rubutun azuzuwa biyu bai bambanta ba, daga nan za ku fara gyaran tsarin zango mai zuwa.