Zauren Masu Kamara: "Memorina yana cewa in yi fomat, in danna?"

Saƙonnin wannan watan kusan duk waje ɗaya suka nufa. Ba wanda ya tambaye ni yadda ake ɗaukar hoto, kowa kukansa na bayan an ɗauka ne. Na tsinci biyar, na ɗan datse masu tsawon.

Tambaya: Salam Malam. Na fita kwana biyu ina ɗaukar tsuntsaye, hoto ya fi 600, da na dawo na saka memorin a laftof sai ya ce wai sai na yi fomat kafin ya buɗe. Ban danna ba tukunna amma wlh hannuna ƙaiƙayi yake. In danna?

Amsa: Wa alaikassalam ƙanena. Kar ka danna, zare memorin ma tukunna, ka duba gefensa na hagu akwai ɗan abin turawa, tura shi ƙasa ya kulle don kar wani abu ya ƙara rubutuwa a kai. Mafi yawan lokaci in kwamfuta ta yi wannan maganar hotunan suna nan daram, abin da ya lalace shi ne ɗan jadawalin da ke faɗin wane fayil ne ke ina, kamar littafin da aka yage shafinsa na farko mai jerin babuka, karatun ai yana ciki sai dai neman wajen. Abin da ke kashe hoto da gaske shi ne a rubuta sabo a kansa, shi ya sa ko goge hoto ka yi bisa kuskure dokar ɗaya ce, daina ɗauka da wannan memorin nan take.

Sauke PhotoRec, kyauta ne kuma yana aiki a Windows da Mac da Linux. Fuskarsa ba ta da kyan gani ko kaɗan, baƙin allo ne da rubutu, amma aikinsa ba wasa, shi ba ruwansa da jadawalin, bi yake lungu-lungu yana shinshino duk inda hoto ya fara. In baƙin allon ya ba ka tsoro akwai Recuva a Windows, ya fi sauƙin dannawa. Da ya tambaye ka inda zai zuba abin da ya samo ka nuna masa folda a cikin laftof ɗin, ban da kan memorin da ake ceto, mutane da yawa nan suke tafka kuskure su binne hotunansu da hannunsu. Sunayen za su dawo a hargitse, wasu lambobi ne barkatai masu farawa da f, kar ya dame ka, rana da lokacin ɗauka suna rubuce a cikin hoton kansa, a bayanan da ake kira EXIF, da su za ka sake jera su.

Abin da ke jawo wannan kuma yawanci mu ne. Zare memori alhali ɗan jan fitilar kamara na ƙiftawa, ko batir ya mutu ana tsakar rubutu, ko memori ɗaya yau yana kamara gobe yana waya jibi yana kwamfutar wani. Sai kuma na jabu, wanda ni ma ya taɓa yi min ta'adi. Na sayi wani an rubuta 128GB ɓaro-ɓaro a jikinsa, kamara ma ta yarda 128 ne, na yi ta ɗauka hankali kwance, da na zo dubawa na farko-farkon lafiya lau, ina gangarawa sai na fara ganin hoto rabinsa sama da gajimare rabinsa toka, can ƙasa kuma sunayen fayil ne kawai ba komai a ciki. Ashe cikinsa bai wuce 8GB ba, an yi masa ƙaryar girma ne, duk abin da ya haura haka iska ya bi, kuma irin wannan ba manhajar da za ta dawo da shi don tun farko bai rubutu ba. Tun ranar duk sabon memori sai na gwada shi da H2testw, yana cika shi taf da bayanai sannan ya karanto ya ga ko sun dawo daidai. Yana cin lokaci, amma kafin a fita ake yi.

In hotunanka sun dawo ka kwafe su waje biyu, kwafi fa na ce ba yankewa ba, sannan ka mayar da memorin cikin kamara ka yi fomat daga can. In ya sake yi maka haka karo na biyu, sallame shi.

Tambaya: Malam ina wuni. Na ɗauki hoton mahaifiyata da kamara ya yi kyau sosai, na tura wa mai wankin hoto ta WhatsApp ya fitar min babba, da ya fito fuskar duk ta dushe kamar an shafa mata hazo. Shi ya ce kamarata ce, ni na ce injinsa ne. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Lafiya lau 'yar uwa. Ku duka ku saki juna, mai laifin yana tsakiya. Kamara mai megafiksel 24 hotonta fiksel 6000 ne a tsawo 4000 a faɗi, fiksel kuwa su ne ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, amma in kika tura shi a matsayin hoto WhatsApp matse shi yake ya dawo wajen 1600 a tsawo ko ƙasa da haka don ya rage cin data. A sikirin ɗin waya ba za ki gane ba. A takarda kuwa ana son kamar fiksel 300 a kowane inci in ana so ya fito tar, kin ga 1600 ɗin nan da ƙyar ya haura inci 5, hoto mai inci 8 da 12 kuma 2400 da 3600 yake nema. Injin ya ja abin da aka ba shi ne har ya yi laushi. Maɓallin HD da suka ƙaro a 2023 ya rage ɓarnar amma shi ma yana matsewa.

Ki koma kan asalin hoton, ki tura ta wajen da aka rubuta Document, nan ba ya taɓa shi, yana ɗaukar har 2GB. Ko ki ɗora a Google Drive ki ba shi link, ko filash. Abu ɗaya dai, hoton da aka tura a haka yana tafiya da duk bayanansa, in na waya ne kuma GPS na kunne har inda kika tsaya kika ɗauka yana ciki, toh ki san wa kike tura wa. Masu iPhone kuma in aka ce muku hoton ya ƙi buɗewa, HEIC ne, wani nau'in fayil ɗin hoto, tun 2017 Apple ta koma kansa, a saitin kamara akwai Formats, zaɓi Most Compatible zai riƙa ɗauka da JPEG.

Tambaya: Wayata ta cika sai na goge hotunan shekara uku tunda na san suna Google Photos. Da na shiga can ɗin ma babu su. Yallaɓai ya aka yi haka?

Amsa: In bai kai kwana 60 ba maza shiga kwandon shara na Google Photos ɗin, suna nan, dawo da su kafin ka ƙarasa karanta wannan. Abin da ya faru shi ne ka goge daga cikin manhajar, ita kuma madubi ce, abin da ka yi a nan shi take yi a can. In fili kake nema a waya akwai inda aka rubuta Free up space, shi ne ke cire na wayar ya bar na intanet. iCloud ma haka halinsa yake, nasa kwandon kwana 30 ne.

Kuma mutane su daina zaton wajen ba ya cika, tun 1 ga Yuni 2021 Google ya daina ajiyar kyauta mara iyaka, 15GB ne kuma tare da Gmail da Drive kuke rabawa, ranar da ya cika ajiya ta tsaya, kai kana can kana goge-goge da tunanin komai ya hau. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, shi ya yaɗa tsarin da ake ce wa 3-2-1, wato kwafi 3, a kan na'ura iri 2, ɗaya kuma ba a gidanka ba. Ni nawa laftof ne da had-disk na waje da intanet. Gaskiya ba kullum nake cikawa ba, wani sa'in sai in yi sati uku ban jona had-disk ɗin ba, amma ba na taɓa fomat ɗin memori sai na ga hotunan da idona a waje biyu, buɗe su nake ba sunansu kawai nake kallo ba.

Tambaya: Malam an ce min ƙwararru da RAW suke ɗauka sai na canza, yanzu memori na cika da wuri, hotunan kuma sun fi na da dushewa, wasu ma wayata ba ta buɗe su. An yaudare ni ne?

Amsa: Ba a yaudare ka ba, rabin zancen aka faɗa maka. JPEG hoto ne da kamara ta riga ta gama gyarawa, ta ƙara launi da kaifi ta zubar da sauran bayanan, matakin haske 256 ne a kowane launi. RAW kuwa ɗanyen abin da idon kamarar ya gani ne, 4096 ko 16384 gwargwadon kamara, shi ya sa yake da nauyi, guda ɗaya a kamara mai megafiksel 24 zai iya cin 25MB ko fiye, kuma dole ya zo maka a dushe don gyaran kai aka bar wa. Amfaninsa sai ranar da ka ɗauki mutum rana na bayansa fuska ta yi duhu, ka ƙara wa wajen inuwar haske a manhajar gyara ka ga ido da hanci sun fito lafiya, wanda da JPEG ne sai dabbare-dabbare. Haka in fitilar ɗaki ta mayar da farar riga ruwan ɗorawa, a RAW dannawa ɗaya ne. Ƙin buɗewa kuma don kowane kamfani da nasa ne, Canon CR2 ko CR3, Nikon NEF, Sony ARW, Fujifilm RAF, sai manhajar da ta san shi. Lightroom na kuɗi ne wata-wata, darktable da RawTherapee kyauta ne a kwamfuta, kuma duk ba sa taɓa asalin fayil ɗin, gyaran a gefe suke rubuta shi, sai ka gama ka fitar da JPEG.

Ra'ayina dai, in ba za ka zauna gyara ba koma JPEG abinka ba kunya a ciki. In kana son koyo saka RAW+JPEG, ka riƙa gyara biyar ɗin da suka fi burge ka. Wajen fitarwa zaɓi tsarin launi na sRGB, in ka bar shi a Adobe RGB akwai wuraren da launin zai fito a koɗe ka yi ta zargin wayar mutane. Sannan a yi wa fata adalci don Allah, wannan jan abin sulɓin har ƙarshe da ke mayar da fuska kamar roba, da hasken da ake ƙarawa har mutum ya kasa gane ƙanwarsa, ni kam ba na kiransa gyara. In ka gama tashi ka ba idonka minti goma, ka dawo ka rage kusan rabin abin da ka ƙara.

Tambaya: Baba, ina kwafe hotuna kwamfuta ta ce akwai IMG_0457 a ciki, in maye gurbinsa? Na ce eh. Yanzu tsohon babu shi.

Amsa: Ɗana, kamara lamba huɗu kawai take ƙirgawa, in ta kai 9999 sai ta koma 0001, wasu ma da an canza memori suke farawa daga farko in ba a saita su ba, toh in kana zuba komai a folda ɗaya dole wata rana biyu su yi karo. Wanda aka maye gurbinsa dawo da shi da wuya, duba ko yana tsohon memori ko ka taɓa tura wa wani.

Daga yau kowace fita da foldarta, ka fara sunan da shekara sai wata sai rana, kamar 2024-03-09 tsuntsaye bakin ruwa, a haka kwamfuta da kanta za ta jera su bi da bi. Lightroom da darktable suna iya sake wa hotuna suna lokacin shigo da su su liƙa kwanan wata a gaba, amma ka duba agogon kamararka tukun, da yawa suna yawo da kwanan watan da ba shi ba tun ranar da aka saye su. In kana amfani da Lightroom Classic kuma, matsar da folda daga cikinsa za ka yi, don hotunan ba a cikinsa suke ba adireshinsu kawai ya riƙe, in ka ja su ta waje alamar tambaya za ka tarar a kan foldar. In hakan ta riga ta faru danna dama a kanta ka nuna masa sabon wajen, gyare-gyarenka duk za su dawo.