Ana samun furen okid na daji a Saudiyya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Jidda, kuma ina shirin zuwa Abha hutu a watan Yuli. Da gaske akwai furen okid na daji a ƙasar nan, kuma ina zan neme shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tabbas akwai, sai dai jinsunansa kaɗan ne, kuma galibinsu a duwatsun kudu maso yamma suke, wato Asir da Baha da Jazan, inda gajimare ke sauka har kan itatuwan arar, wani itacen kan duwatsu da Turawa ke kira juniper. Larabawa na kiransa sahlab, sunan abin shan nan mai kauri na lokacin sanyi, domin asalinsa da garin saiwar wasu nau'o'in okid ake dama shi.

Kada ka ɓata lokaci a shimfiɗaɗɗen fili mai ciyawa, kada kuma ka ɗauka sai ƙololuwar Jabal Sauda, dutsen da ke kusa da Abha mai tsayin kimanin mita 3,000, za ka dace. Wanda ya fi sauƙin ganewa, Eulophia petersii, a gangare mai duwatsu da ɗumi yake fitowa, sau da yawa a gindin ƙaya. Ganyensa kauri gare shi kamar na alobera, bakinsa da kaushi, shi ya sa mutane ke wuce shi ba su sani ba. Amma idan ka tsuguna za ka ga kawuna masu ruwan ɗorawa a cunkushe bisa ƙasa kamar albasa, a nan yake ajiye ruwa. Karan furensa kan kai mita 2. Shi kuwa Epipactis veratrifolia ba ya rabuwa da inda ruwa ke tsattsafowa daga jikin dutse, sai dai yawanci kafin Yuli ya riga ya gama fure.

Idan Allah ya sa ka dace, hoto ya wadatar, kada ka tono shi. Irinsa kamar ƙura yake, ba ya ɗauke da abincin da zai rayar da tsiro, sai ya haɗu da wata irin funfuna ta cikin ƙasa kafin ya tsira, sannan ya yi shekaru bai kai ga fure ba, don haka wanda aka cire ba ya maye gurbinsa da wuri. Ni ko takamaiman wurin ba na son a riƙa wallafawa a intanet.

Ka fita da sassafe, domin a Asir hadari kan haɗu da yamma a Yuli da Agusta, kuma kwazazzabon da ka shiga a bushe yana iya cika da ruwan da aka yi can sama.